Kafin ka nemi tarihin sojan kakanka, nemo lambarsa

Jama'a, in kana bin haƙƙin fanshon tsoho ko kana haɗa tarihin gidanku, kada ka fara da suna. Fara da lambar soja.

Duba tsohon akwatinsa, ko ka tambayi kaka inda aka adana takardar sallamarsa. Lambar tana ciki. Ɗauki hotonta da waya yau ɗin nan, kafin gara ta riga ka.

Dalili kuwa, Turawa sun riƙa rubuta sojojinmu da sunan gari: Musa Kano, Garba Sakkwato, Audu Zariya. A bataliya ɗaya sai a sami Musa Kano da yawa, ga rubutun sunan ma kowane magatakarda da irin nasa. Lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Ni wata uku na ɓata ina yawo da suna kawai, kuɗin mota ya tafi a banza.

In kakanka yana cikin runduna ta 81 ko ta 82 da aka kai ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu kuma bai dawo ba, sa lambar a shafin intanet na CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Commonwealth da suka rasu a yaƙin duniya. Kyauta ne, zai nuna maka inda aka binne shi ko aka rubuta sunansa.

Amma a ɓangaren wannan yaƙin, shafin na waɗanda suka rasu ne daga 1939 zuwa 1947. Wanda ya dawo ya tsufa a gida ba ya ciki. Kuma kada ka dogara da lambar yabo ta Bama, galibi ba a zana suna a jikinta.

In tsohon yana raye, zauna kusa da shi ka tambaye shi lambar. Da yawansu suna riƙe da ita a ka.