Kurakuran da direbobi suka fi yi a hawan dutse da gangara

Duk wanda ya taɓa tashi daga Serti, ya wuce Mayo Selbe ya kama hawan Mambila, ya san tuƙin dutse daban yake da tuƙin fili. To wannan ma babbar hanya ce. Aikin yana can bayan an bar titi an kama hanyoyin ƙauyukan da ke kewaye da Gembu da Nguroje, a tudun da ya kai mita 1,600 ko fiye, inda jar ƙasa ke zama santsi da zarar an yi yayyafi. Haka masu shiga duwatsun Ayar na ƙasar Nijar su nufi Timiya ke fama, sai dai su tsakuwa da ɓaraguzan dutse ne matsalarsu. A irin waɗannan wurare, yawancin haɗurran da ake ɗora wa birki, direba ne ya raba inji da tayoyi da ƙafarsa.

Babban kuskure shi ne sakin mota a firi, ko take kulochi, yayin gangarowa. Wasu don tsimin mai suke yi, wasu don sabo. Muddin mota tana cikin giya, inji yana riƙe ta, ba ya barin tayoyi su wuce saurin da giyar ta yarda. Da ka cire giya, duk nauyin mota da lodinta ya koma kan birki kaɗai. Birki kuwa zafi yake tarawa. Man birki samfurin DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa idan sabo ne, amma idan ya daɗe ya sha danshi, digiri 140 ya ishe shi. Da ya tafasa, ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa ba abin da ya kama. Gyaran abin shi ne ka tsaya cak a saman gangarar, ka sa 4L, wato ƙaramar giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu, ka sa lamba ɗaya, ka janye ƙafarka daga kan kulochi gaba ɗaya, ka bar motar ta sauka tana gurnani. A motoci irin su Hilux, 4L tana rage gudu kusan ninki biyu da rabi, don haka birki ɗan taɓawa kawai yake bukata. Wanda kuma yake kashe inji a gangara, wannan ganganci ne da rayukan mutane: birki zai yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ya yi nauyi, yana ma iya kullewa.

Idan bayan mota ya fara zamewa gefe a kan laka, ƙafa birki take nema, kuma nan ne ake kifewa, domin tayar da ta daina juyawa ba ta bin sitiyari. Saki birkin, miƙa hancin motar ƙasa sosai, ka ɗan taɓa totur har tayoyi su sake kama ƙasa. Yana da wuya a zuciya, amma shi ne daidai.

A wajen hawa, kuskuren shi ne zaɓen giya a makare. Direba ya taho da gudu a lamba uku, a tsakiyar hayi mota ta fara shaƙewa, ya take kulochi zai sauya. Wannan ɗan lokacin ya isa mota ta tsaya, ta fara komawa da baya. Giya tun daga gindin tudu ake zaɓen ta, yawanci lamba biyu a 4L, lamba ɗaya in duwatsu ne manya, kuma ba a sake taɓa ta sai an kai sama. Totur a riƙe shi daidai wa daida. In tayoyi suka fara juyawa a wuri ɗaya suna watso ƙasa, ƙara wuta rami kawai yake haƙa maka, sassauta. Masu tsofaffin Land Cruiser da Hilux su tuna da makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba. In ba a fita an murɗa shi ya kulle ba, ko an sa 4L tayoyin baya ne kaɗai ke ja.

Sai abin da ya fi tayar mini da hankali, wato ƙoƙarin juya mota a tsakiyar tudu bayan ta kasa hawa. Mota tana jure tsayin hawa idan ta fuskance shi kai tsaye, amma da ta ba shi gefe, nauyinta ya koma kan tayoyin da ke ɓangaren gangare, musamman in an labta buhuna da jarkoki a samanta. Dutse ɗaya a ƙarƙashin tayar da ke ɓangaren tudu ya isa ya wuntsila ta. Idan ta kasa, ka danne birki, ka ja birkin hannu, ka sa ribas, ka saki kulochi, ka koma da baya a kan sawun da ka hau, inji na riƙe da ita. In injin ya mutu ne, ka sa ribas ɗin yana a mace, ka saki kulochi, ka sauke birkin hannu, ka ɗaga ƙafa daga birki a hankali har ka ji giya ta riƙe motar, ka duba baya, sannan ka murɗa makulli. Motar da ba ta tashi sai an take kulochi, a tayar da ita ƙafa na kan birki, a sa ribas, a saki kulochin kafin a sassauta birki. Yana da kyau mutum ya gwada wannan a ƙaramin tudu tun kafin ranar bukata.

Nan ne kuma ake tura yaron mota ya bi taya da weji ko dutse. Ka gan shi a sunkuye, kansa dab da bodi, ga lodi a sama, ga mota tana ja da baya. Don Allah a daina sa shi a bayan mota. Weji daga gefe ake sa shi, kuma sai mota ta tsaya. Fasinjojin da aka sauke don rage nauyi su tsaya can gefe ko su yi gaba, kada kowa ya tsaya a gangare ta bayan motar.

Mutane da yawa suna ganin sauka a taka hawa da ƙafa kafin a shige shi ɓata lokaci ne. Sauri kuwa ya kan haifi nawa. Minti biyar na tafiya za su nuna maka inda ruwa ya zaizaye, inda dutse zai daki cikin mota, da abin da ke bayan ƙololuwar, ko kwana ce, ko kwazazzabo, ko garken shanu, wanda a Mambila ba abin mamaki ba ne. Dab da kaiwa sama a rage wuta a yi hon, domin hancin mota yana kallon sama, ba ka ganin gabanka. In kun haɗu da wata motar a ƙunci, mai gangarowa ne zai ba mai hawa hanya.

Iskar taya ma ana mantawa da ita. Tayar da mai faci ya cika tam don kwalta tsalle take yi a kan tsakuwa. Rage mata iska kaɗan yana ƙara mata kamu, amma a mayar kafin a koma titi, a kuma cire 4L ɗin. Kaya masu nauyi a ƙasa ake shimfiɗa su a ɗaure. Manyan yatsunka su zauna a kan da'irar sitiyari, kada su shiga cikinsa, don in taya ta daki dutse yana iya fizgewa ya targaɗa su. Birkin da ya yi zafi har yana wari kuma, kada a kwara masa ruwa, ƙarfen yana iya lanƙwasa ko ya tsage. A sami wuri mai faɗi a tsaya, a bar mota cikin giya, a sa weji, a jira ya huce da kansa.