Darɓa, wake da gujiya: inda kuɗin feshi ke salwanta

Wani kuskure da ke cin kuɗin manomi a ƙasar Damagaram shi ne ɗaukar duk cutar da darɓa ke kawowa a matsayin abu ɗaya, maganinta kuma feshi. Alhali amfanin feshi ya danganta da inda ƙwayar bairos take maƙalewa a jikin ƙwaron, a bakinsa ko a cikinsa. Furotin ɗin da ƙwayar ke ɗauke da shi ne ke yanke wannan.

A ɗauki cutar da ke dabbare ganyen wake. Ƙwayarta daga dangin Potyvirus take, tana sa ganyen da ta kama ya ƙera wani furotin mai suna HC-Pro. Gefe ɗaya nasa yana kama rigar ƙwayar, wato ɓawon da ya lulluɓe ta, ɗaya gefen yana kama tsinin bakin darɓa. Darɓa ta ɗanɗani ganye na 'yan daƙiƙoƙi ta ɗauka, ta sauka kan na gaba ta zuba. Kafin maganin feshi ya kashe ta, ta gama ɓarna, wani lokacin ma maganin firgita ta yake yi ta ƙara yawo. Gyaran nan a iri yake, domin wannan cuta tana bin irin wake. Kada a ɗebi iri daga gonar da ta kamu, kuma a tuge tsiron da ya fito da dabbare tun yana ƙarami.

Kuturtar gujiya kuwa, wadda ta halaka kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya a 1975, lamarinta daban ne. Ba ƙwayar bairos ɗaya ce ke haddasa ta ba, kuma babbar ƙwayar ba ta da riga tata. Aron riga take yi wurin wata ƙwaya mataimakiya, kuma furotin ɗin wannan rigar ne ke ratsa da ita hanjin darɓa har zuwa yawunta. Wannan yana ɗaukar lokaci, amma da ta shiga, darɓa za ta yi kwanaki tana yaɗawa. A nan feshi da wuri yana iya rage yaɗuwa.

Sai dai a ganina ba a feshi aka fi yin kuskure da gujiya ba, a shuka ne. A Magarya da Matamaye da yawa sai an gama da hatsi ake waiwayar gujiya, a shuka ta a makare, a warwatse don tsimin iri. Darɓa mai fiffike ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin tsirrai. A shuka da ruwan farko mai ƙarfi, a matse layi, ganye ya rufe ƙasa da wuri. Gujiyar da ta tsiro da kanta a lambu lokacin rani ma a tuge ta, nan cutar ke jiran damina.

Wasu kuma suna zubar da irinsu don tsoron kuturta, alhali ba ta bin iri. Wanda zai canja, ya nemi mai jurewa, kamar SAMNUT 24 da cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya ta fitar a 2011, ya kuma tambayi malamin gona ko ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, wanda ya dace da ruwan yankinsa.

Tsiron da ya riga ya kamu, babu feshin da zai warkar da shi. A cire shi a binne nesa da gona.