Layin NEXUS da jiran kan iyaka tsakanin Kanada da Amurka

Duk wanda ya zauna a lardin Ontario na 'yan watanni, wata rana zai tsinci kansa cikin mota ana shirin ƙetarawa Buffalo ko Detroit, ko don sayayya ko don gaishe da 'yan uwa. Idan kuka iso gadar Peace, wadda ta haɗa Fort Erie da Buffalo, za ku ga wani layi mai alamar NEXUS motocinsa na wucewa a daidai lokacin da naku ya tsaya cik. Ina roƙon sabon zuwa da kada ya karya kan mota zuwa can don kawai ya hango sarari.

NEXUS shiri ne na haɗin gwiwa tsakanin hukumar kan iyaka ta Kanada, wato CBSA, da takwararta ta Amurka, CBP, kuma an yi shi ne domin matafiyan da ƙasashen biyu suka bincika suka amince da su. Ana cike takardar nema ta intanet, a biya dalar Amurka 120, farashin da ya fara aiki a watan Oktoba na 2024, sannan a jira kiran ganawa da jami'ai. Katin yana aiki shekara 5, kuma yaran da ba su kai shekara 18 ba ba a karɓar musu kuɗi idan ɗaya daga cikin iyayensu yana da katin ko yana nema tare da su. Sai dai ba kowa ne ya cancanta ba. 'Yan ƙasashen biyu da masu takardar zama ta dindindin su ne galibi ke iya nema, don haka ɗalibi ko wanda ya shigo da izinin aiki sai ya yi haƙuri da layin kowa da kowa.

Dokar da ta fi kama mutanenmu ita ce, dole ne kowane mutum da ke cikin motar ya mallaki katinsa, har jaririn da ke goye. A ce maigida da uwargida duk suna da kati, amma sun ɗauko Hajiya da ta zo daga Kano ganin jikoki da bizar ziyara, to motar gaba ɗaya ba ta da hurumin bin wannan layi. Wanda ya yi ganganci yana iya rasa katin da ya daɗe yana jira. Haka kuma gadar Whirlpool Rapids da ke Niagara ta masu NEXUS ce kaɗai, layukan FAST kuwa na manyan motocin dakon kaya ne.

Game da jira, hukumomin biyu suna wallafa tsawon lokacin da ake ɗauka a manyan mashigai, CBSA a shafinta na intanet, CBP kuma a manhajarta ta waya. A duba tun ana gida, a sake dubawa kafin mahaɗar da hanyoyi suke rabuwa, domin a yankin Niagara akwai gadar Rainbow da ta Lewiston-Queenston, kuma sau da yawa ɗaya takan cushe alhali 'yar uwarta na tafiya. Cunkoso ya fi tsanani a hutun ƙarshen mako mai kwana uku, da kewayen 1 da 4 ga Yuli, ranakun bikin ƙasa na Kanada da Amurka, musamman yammacin ranar da kowa ke komawa gida. Wanda ya yi sallar asuba ya kama hanya yakan tarar da gada babu yawan motoci.

Akwai wani jira na biyu da waɗannan alƙaluma ba sa nunawa. Katin zama na dindindin na Kanada ba ya maye gurbin bizar Amurka ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, kuma ko da bizar tana hannu, akan sa mutum ya ajiye mota ya shiga ofis a ba shi takardar shiga mai suna I-94. Ana iya cike ta a intanet cikin kwana 7 kafin tafiya, amma duk da haka a ware lokacin zama a benci.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaraba. Mun saba idan za mu gidan ɗan uwa mu ƙunshe kilishi ko dambun nama, mu haɗa da daddawa da yaji da goro, kuma ba ma ɗaukar wannan a matsayin kayan da za a faɗa wa jami'i. Su kuwa a wurinsu duk abinci ne da ya wajaba a bayyana, kuma naman da ya fito daga gida bai halatta ya ƙetara ba ko da busasshe ne. Idan ka faɗa da bakinka, galibi iyakarta a karɓe abin da aka hana ka wuce. Idan kuwa aka buɗe but aka gano shi a ƙasan jaka bayan ka ce babu, tara ce, kuma mai NEXUS yana iya yin asarar katinsa a kan ƙullin leda guda. Kuɗi ma haka suke: da zarar sun kai dala 10,000 sai an bayyana su.

Idan layi ya kawo ku gaban rumfar jami'i, direba ya sauke gilashin gaba da na baya, ya cire tabarau, ya ajiye waya, ya miƙa fasfon kowa a haɗe. Za a tambaye shi inda yake zaune, da inda za shi, da kwana nawa zai yi, da abin da ya ɗauko. Ya amsa a taƙaice, kuma ya tabbatar adireshin gidan da za su sauka yana rubuce a kusa da shi tun kafin a tambaya.