Yadda Ake Zaɓen Fenti da Launi don Yi wa Sarauniyar Ƙudan Zuma Alama

Wanda ya bar amyar gargajiya ta saƙar ciyawa ya koma amyar zamani irin ta Kenya ko ta Langstroth ya samu damar ɗaga saƙa ɗaya bayan ɗaya, ya duba abin da ke ciki ba tare da ya rusa gidan ba. Sai dai neman sarauniya a cikin dubban ma'aikata ba ƙaramin aiki ba ne, balle irin ƙudan zumarmu na Adar da kewaye, waɗanda da an buɗe amya sai su bazama, ita kuma sarauniya ta ruga ta laɓe a lungu. Ɗigon fenti ɗaya a gadon bayanta yana rage wannan wahala ƙwarai, yana nuna shekarar da aka haife ta, kuma yana tabbatar wa mai amya ko ita ce dai wadda ya bari ko an sauya ta. Amma fentin da bai dace ba yana iya halaka ta cikin minti kaɗan, don haka ya kamata a gama shawarar fenti tun kafin a kunna hayaƙi.

Mataki na farko shi ne sanin launin shekara. Masu kiwon zuma na ƙasashen duniya suna bin tsari ɗaya na launi biyar, wanda yake tafiya da lambar ƙarshe ta shekara. Shekarar da ta ƙare da 1 ko 6 fari ake sawa, mai 2 ko 7 rawaya, mai 3 ko 8 ja, mai 4 ko 9 tsanwa, mai 5 ko 0 kuma shuɗi. Ke nan sarauniyar 2025 shuɗi ne launinta, ta 2026 fari, ta 2027 rawaya, ta 2028 ja. An tsaya a kan biyar ne saboda da wuya sarauniya ta wuce shekara biyar a raye, yawanci ma ƙarfin saka ƙwanta yana raguwa bayan shekara biyu ko uku, don haka kafin launi ya zagayo mai ɗauke da shi ta riga ta tafi. A rubuta tsarin a cikin murfin akwatin kayan aiki, domin a gaban buɗaɗɗiyar amya ba wurin dogon tunani ba ne.

Akwai wani abu da tsarin bai tanada ba, alhali shi ne halin da yawancinmu muke ciki. A nan ba sayen sarauniya muke yi daga masu ƙyanƙyasa ba. Amya muke shafa wa kaki mu ajiye, taron zuma ya zo da kansa ya shiga, kuma ba wanda zai iya faɗin shekarun sarauniyar da ta zo da shi. A ganina kuskure ne a saka mata launin shekarar da aka kama ta, domin taron farko da ke fita daga amya tsohuwar sarauniya yake tafiya da ita, wataƙila ta shekara biyu tana aiki. Ya fi dacewa a ware launi na shida wanda ba ya cikin tsarin, kamar ruwan lemo ko ruwan hoda, a riƙa saka shi ga duk wadda ba a san haihuwarta ba, a bar launuka biyar ɗin ga waɗanda aka ƙyanƙyashe a amyar mutum yana gani.

Su ƙudan zuma launin bai dame su ba, domin cikin amya duhu ne, da sansana da taɓawa suke gane juna. Saboda idon mai kiwo ake zaɓensa, don haka a nemi mai haske a kowane launi. Shuɗi mai duhu da tsanwa mai duhu suna ɓacewa a kan tsohuwar saƙa wadda ta yi baƙi, gara shuɗi mai ruwan sararin sama da tsanwa mai haske. Rawaya kuma tana son lura, domin jikin ƙudan zumar Sahel yana da rawaya-rawaya, ga ma'aikata suna yawo da garin fure a ƙafafunsu, ido yana iya ruɗewa. Masu aiki da dare da jar fitila, saboda zuma ba ta ganin ja sosai, su sani cewa a ƙarƙashin wannan haske fari da rawaya da ja kusan duk ɗaya suke bayyana, sai da rana ake tantance su.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowane nauyi, shi ne zaɓen fentin kansa. Abu uku ake nema a gare shi: kada ya yi wari mai ƙarfi, ya bushe da sauri, kuma ya kama jiki bayan ya bushe. Wari ne ya fi haɗari, saboda ma'aikata da ƙamshin jikinta suke sanin uwarsu. Idan aka mayar da ita tana warin wani abu baƙo, sukan ɗauke ta a matsayin bare, su dunƙule a kanta su matse ta har zafi da rashin iska su kashe ta. Wanda ya taɓa ganin wannan dunƙule a gindin amya ba ya sake wasa da maganar wari.

Abin da akasarin masu kiwo suka natsu da shi shi ne alƙalamin fenti mai haɗin ruwa, irin Posca na ƙasar Japan, musamman mai lamba PC-5M wanda bakinsa ya kai wajen milimita 2. Warinsa kaɗan ne, launinsa yana rufe baƙin bayan sarauniya, kuma duk launukan tsarin akwai su. A neme shi a kantunan littattafai da kayan zane, ko a ba da saƙo ga mai zuwa Yamai. A kula wajen saye, domin akwai alƙaluman fenti masu kama da shi waɗanda ake rubutu da su a jikin ƙarfe ko taya, su kuwa haɗin mai ne, da an cire murfi warin zai daki hanci. Alƙalamin rubutun allo da alƙalamin maka na yau da kullum ma ba su da amfani a nan, domin tawadarsu ba ta da kauri, ba ta fitowa a kan baƙi. Idan alƙalamin bai samu ba, ɗan kwalban fentin zane mai haɗin ruwa, wanda ake kira akirilik, yana yin aikin, a ɗebo shi da gindin tsinken ashana.

Sauran abubuwan da hannu yake saurin kaiwa gare su suna da matsala. Jan farce yana kama jiki sosai, kuma akwai masu amfani da shi, amma sinadaran da ke narkar da shi suna da wari mai kaifi, sai an daɗe ana riƙe da sarauniya kafin ya fita, ni dai ba na ba sabon shiga shawararsa. Farin ruwan goge rubutu irin Tipp-Ex yana bushewa nan da nan, sai dai yana ɓarewa, ma'aikata sukan kankare shi. Fentin mota da na ƙofa da na feshi kuwa kada a kusantar da su amya ko kaɗan. Akwai kuma ƙananan faifai masu lamba da ake mannawa da gam, amma wannan aikin masu bincike ne da masu ƙyanƙyasar sarauniya da yawa.

Mataki na uku shi ne gwaji, kuma ba a kan sarauniya ake fara shi ba. A ɗiga fentin a kan farce ko kwalba, a duba agogo a ga lokacin da zai ɗauka, wanda bai bushe cikin minti ɗaya ba a ajiye shi. A sansana shi yana ɗanye, a sake sansanawa bayan ya bushe, sannan a goga da jiƙaƙƙen yatsa a ga ko zai tashi. Idan ya tsallake wannan, sai a koma kan mazan ƙudan zuma, waɗanda suka fi ma'aikata kauri da manyan idanu, kuma ba su da abin harbi. A yi wa goma ko fiye alama da launin da ba na shekarar ba, don kada gobe a ɗauki namiji a matsayin sarauniya, a sake su, a dawo bayan mako a ga ko fentin yana nan. Wannan gwaji yana auna fentin, yana kuma koya wa yatsu irin riƙon da ba ya murƙushe ƙwaro.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci a kan fenti. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tahoua yana haura digiri 40, alƙalamin da ya yini a rana ko a akwatin babur yakan tsinke, da an danna sai fenti ya kwararo. A lokacin hunturu kuma bakinsa yana bushewa idan aka bar shi a buɗe ko na ɗan lokaci ne. Don haka a ajiye shi a inuwa, a girgiza shi da murfinsa a rufe, a danna bakin a kan kwali har fenti ya jiƙa shi daidai, a ɗiga sau biyu ko uku a kan kwalin a tabbatar ba ya zuba. Ba a taɓa danna alƙalami a jikin sarauniya, taɓawa kawai ake yi.

Sai zaɓen rana. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina, sa'ad da magarya da gawo suke fure, abinci yana shigowa, zuma tana cikin natsuwa. A tsakiyar rani, lokacin da fure ya yanke, ɗan tashin hankali kaɗan yana iya sa taron ya ƙaurace wa amya baki ɗaya, kuma saƙar amyar Kenya tana laushi da zafi, tana karyewa idan aka karkata ta. A yi aikin da hantsi, lokacin da haske ya wadata kuma masu neman abinci sun fita. Kada a taɓa sabuwar sarauniyar da ba ta fara saka ƙwai ba, domin tana da saurin tashi, kuma sai ta fita barbara tukuna. A jira har a ga ƙwai da tsutsa a saƙa. A wanke hannu daga turare da fetur da taba, a murza ɗan kakin amyar a yatsu, a kuma rage hayaƙi, saboda yawansa yana sa sarauniya gudu.

Ƙwararru suna kama ta da fukafukai, su riƙe ƙirjinta tsakanin babban yatsa da manuniya, ba su taɓa matsa cikinta inda ƙwai yake. Ita da wuya ta harbi mutum, amma ma'aikatanmu ba su barin hannu tsirara ya zauna lafiya, safar hannu kuma ba ta jin abin da ta riƙe. Saboda haka bututun alama ya fi aminci, kuma ana iya haɗa shi a gida da babban sirinji mai mililita 60: a yanke bakinsa, a ɗaura zare a giciye ya zama raga mai ramuka wajen milimita 3, a manna soso mai laushi a kan abin turawa. A shigar da sarauniya, a tura soson a hankali har bayanta ya jingina da ragar ta daina juyawa, kada a ƙara ko kaɗan bayan haka. Sannan a taɓa tsakiyar gadon bayanta, wato sashen da ke tsakanin kai da ciki inda fukafukai suka fito, a bar ɗigo ɗaya wanda bai wuce ƙwayar gero ba. Fenti kada ya taɓa idanu, ko gashin sansanawa da ke goshinta, ko gindin fukafukai, ko gefen jiki inda ƙofofin numfashinta suke. Idan ɗigon ya karkace kaɗan a bar shi haka, gyara ya fi ɓata shi.

A ja soson baya don ta samu sarari, a riƙe bututun a inuwa minti ɗaya zuwa biyu har fentin ya bushe sarai. Daga nan a kwantar da bakin bututun a kan saƙar ƙwai da aka ɗauko ta, a saman buɗaɗɗiyar amya, a bar ta ta fita da ƙafarta. A tsaya a kalli yadda aka karɓe ta. Idan ma'aikata suka kewaye ta suna lasarta suna ba ta hanya, sai a mayar da saƙar a hankali a rufe. Idan kuwa suka fara hawa kanta suna dunƙulewa, a busa hayaƙi kaɗan ko a yayyafa ruwa su watse, a saka ta a ɗan keji a rataye tsakanin saƙa na kwana ɗaya ko biyu kafin a sake ta. In ta tashi sama, a tsaya inda ake, a bar amyar a buɗe kamar minti goma, sau da yawa takan dawo.

Kafin a bar wurin a rubuta lambar amya da kwanan wata da launin a littafi, a kuma ɗiga launin a jikin murfin amyar ta waje. Bayan mako ɗaya a leƙa a tabbatar akwai sababbin ƙwai. Idan wata rana aka tarar da sarauniya marar alama, a duba bayanta da kyau ko akwai ragowar fenti, a duba saƙa ko akwai dogon ɗakin sarauniya wanda aka huda bakinsa. In akwai shi, to sabuwa ce, sai a jira ta fara saka ƙwai a yi mata launin shekarar da ake ciki.