Kurakuran da aka fi yi wajen gwajin kayan gini a ayyukan karkara

Kusan kowace damina sai an ji labarin kwalbatin da ruwa ya cinye ko tankin ruwan da ƙafafunsa suka karkace a wani ƙauye na Kano ko Jigawa. Idan aka bi diddigi, akan tarar zanen injiniya ba shi da aibi, abin da aka zuba a ƙasa ne ba a taɓa gwada shi ba. Matasan injiniyoyi da shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari suna ta maimaita kurakurai iri ɗaya, har na gaji da faɗa da fatar baki.

Na farko shi ne rashin sanya kuɗin gwaji a cikin ƙiyasin aiki tun daga tushe. Za ka ga an lissafa buhunan siminti da tifofin yashi da tsakuwa da rodi, har da abincin leburori, amma babu layi ko ɗaya na gwaji. Ba a tunawa da shi sai aiki ya yi nisa, kuɗin karo-karon jama'a ya ƙare, sannan a ce a bar wa Allah, alhali tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba. Sassan injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero da na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil suna da injinan matse kankare da kayan gwada ƙarfin ƙasa, kuma al'adata ita ce in nemi farashi a rubuce kafin a haƙa ko rami ɗaya. Ina haɗawa da kuɗin motar kai samfur daga ƙauye zuwa birni, da hayar akwatunan zuba samfur, da ɗan rara domin maimaita gwajin da bai yi kyau ba. Wannan kuɗi a hannun ma'ajin ƙungiya yake zama, shi zai biya ɗakin gwaji kai tsaye, domin duk ɗan kwangilar da ya biya da hannunsa, shi zai zaɓi abin da za a kai.

A nan ne kuskure na biyu yake, wanda ya fi ƙona mini rai: barin ɗan kwangila ya ɗebi samfur shi kaɗai. Na taɓa zana wa wata ƙungiya kwalbati a fadamar kwarin Haɗeja, aka yi zubi ba a sanar da ni ba, daga baya mai aikin ya zo da takardar sakamako mai hatimi yana cewa, "Injiniya, ai ga shaida, me kuma ake nema?" Kwamiti ya biya shi. Ruwan Agusta na sauka bangon gefe ya zube, da ƙusa kawai kana iya kankare jikin ginin yashi yana zuba a tafin hannunka. Ashe samfurin a gidansa aka kwaɓa shi da siminti mai yawa, na wurin aiki kuwa an tsuga masa ruwa don ya yi wa leburori sauƙin zubawa. Da yake zanen nawa ne, ni aka tsayar gaban dagaci, kuma ban wanke kaina ba sai da na biya daga aljihuna aka huda ginin aka ciro ɓangarensa aka matse a inji. Wace irin kulawa ce wannan, a ce mutanen da suka sayar da gero da awaki suka tara kuɗi ba su da wakili ko ɗaya a wurin zubi?

Tun daga nan ba na yarda da samfurin da ba a ɗiba daga baron da ake zubi da shi ba, a gaban idona ko na wakilin ƙungiya. Akwatin samfur milimita 150 ne ta kowane ɓangare, ana cika shi hawa uku ana daddanna kowane hawa da sandar ƙarfe, a rubuta kwanan wata da ɓangaren ginin, a kwance shi bayan awa 24 a tsoma a ruwa har ranar da za a matse shi a inji. Sakamakon kwana 7 ishara ce kawai, domin ƙarfin kankare a lokacin bai cika wuce kashi biyu bisa uku na ƙarfinsa na kwana 28 ba; na kwana 28 ne hukunci, kuma ni ba na sa hannu a biyan ƙarshe kafin ya fito.

Ƙasa ma ana raina ta. Lakar fadama tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tankin lita 10,000 kuwa tan 10 ne na ruwa kafin a lissafa ƙarfen da ke ɗauke da shi, don haka auna ƙasar harsashi ya zama dole. Burjin hanya sai an jiƙa samfurinsa kwana 4 kafin a auna ƙarfinsa, saboda a bushe kowane burji yana da kyau.

A rijiyar burtsatse kada a sayi famfo mai aiki da hasken rana kafin a yi gwajin zuƙar ruwa na sa'o'i masu yawa a jere, musamman a yankunan Kano masu dutse inda ruwan ke kwance a tsagogin dutsen. Ni na fi son a yi shi a ƙarshen rani. Rodi a auna kaurinsa, a yanki guntu a kai a ja shi a inji. Bulo a ɗauko daga tsakiyar tari. Siminti a duba buhu, domin mai lambar ƙarfi 32.5 ba ɗaya yake da mai 42.5 ba.

Akwai kuma masu karɓo sakamako su ajiye a jaka ba su karanta ba. Tun a yarjejeniya nake sa a rubuta ƙarfin da ake buƙata, da cewa idan sakamako ya gaza za a dakatar da biya, a rushe ɓangaren a sake shi da kuɗin ɗan kwangila, kuma a karanta wannan sharaɗi a gaban dagaci da shaidu kafin kowa ya sa hannu.