Yadda Mai Cutar Sjögren Zai Kula da Ido da Baki

Cutar Sjögren, wadda likitan ido ɗan ƙasar Suwidin Henrik Sjögren ya bayyana a 1933, tana tasowa ne idan garkuwar jiki ta far wa sassan da ke samar da hawaye da yawu, kuma ta fi kama mata. Mai fama da ita ya riƙa ɗiga maganin jiƙa ido sau da yawa a yini, ya guji zama gaban fanka, ya kuma sa tabarau lokacin hunturu, domin ƙura tana sa ya ji kamar an zuba masa yashi a ido.

Baki ne aka fi yi wa sakaci. Ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ya tauna cingam marar sukari, ya wadata tuwonsa da miya don ya haɗiyu. Tun da yawu ne ke kare haƙora, wajibi ne ya riƙa ganin likitan haƙori a kai a kai.