Kafin ka sayi rimot na zum da fokas

Salam 'yan uwa masu ɗaukar bidiyo. Duk mai shirin sayen rimot ɗin nan na zum (matso da hoto ko nesanta shi) da fokas (daidaita fitowar hoto tar) da ake ɗaurawa a hannun tirayifod, wato mariƙin kyamara mai ƙafa uku, ya fara duba jikin kyamararsa kafin ya tambayi farashi.

Yawancin kyamarorin aiki na Sony da Canon suna da ɗan rami na milimita 2.5 da aka rubuta LANC ko REMOTE a gefensa. Rimot na LANC, ko na Manfrotto ne, ko Libec, ko VariZoom, zai yi musu. Panasonic irin su HVX200 kuwa nasu tsarin daban: rami ɗaya na zum da fara ɗauka, wani na milimita 3.5 na fokas da haske. Kan wayar rimot na LANC zai shiga ramin zum ɗin lafiya lau, amma ko motsi ba za ka gani ba. A nan kuɗin mutane da yawa ke salwanta.

Je da kyamararka shagon ka gwada. Taɓa maɓallin zum a hankali da babban yatsa. Mai kyau zai riƙa matsowa sannu-sannu, yadda fuskar malami a wajen tafsiri za ta cika allo ba tare da mai kallo ya ankara ba. Wanda ke zabura da ka taɓa shi, bar musu kayansu, komai arharsa.

Idan lens na ɗaukar hoto kake amfani da shi, marar injin zum a ciki, wannan rimot ba zai juya shi ba. Sai ka nemi injin da ake maƙalawa a jikin lens ɗin, irin Tilta Nucleus.